Tsawa Ba Ta Warkar Da Mai Jijjiga

Mai karatu, idan jijjiga ta kwantar da 'yarki har ba ta san inda kanta yake ba, kada ki ɗura mata rubutu ko kunu. Wadda ta suma ba ta iya haɗiya. Abin na iya shiga huhu ya zama ajalinta.

Amma a ganina, laifi ne mu ma'aikatan jinya mu daka miki tsawa mu kore ki. Haƙƙinki ne mu yi miki bayani, mu ba ki abin yi: ki riƙe hannunta, ki yi mata addu'a, ki taya mu juya ta duk awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Ki tambaye mu, kada ki ji tsoro. Allah Ya ba ta lafiya.