Kada Mu Zuba Kuɗin Ƙungiya Cikin 'Ya'yan Fasli

 

A taron ƙungiyarmu ta gama kai na watan jiya, a nan birnin Katsina, wani saurayi daga cikinmu ya kawo shawara. Ya zo da wata 'yar kwalba ta ƙwayoyin magani waɗanda aka yi da 'ya'yan fasli, ya nuna mana a wayarsa kuɗin da ake sayar da ita a ƙasashen waje. Ya ce me zai hana mu ɗauki eka guda a bakin dam ɗin Ajiwa mu shuka fasli, mu daka 'ya'yan, mu ƙulla, mu sayar a Babbar Kasuwa. Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba, har wasu suka ce tsufa ne ya sa ni ƙin sabon abu. To, ga dalilina, ku duba.

Da fari, ga waɗanda ba su san shi ba: fasli ganye ne mai ƙanshi, ɗan'uwan karas, asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum. Larabawa suna ce da shi baƙadunis, Kwarori kuwa ba su rabuwa da shi a abincinsu. Wasu a nan sukan ɗauka lansir ne, amma ba dangi ba ne, gama lansir ɗan'uwan kabeji ne. Duk da haka lansir ɗin zai taimake mu mu gane zancen. Ganyensa muna kwaɗawa da ƙuliƙuli mu ci mu ƙoshi, amma 'ya'yansa jajaye sunansu dabam, watau algarif, kuma wurin masu kayan ƙoli da masu magani ake samunsu, ba wurin masu kayan miya ba. Ba wanda ke cika kwano da algarif ya ci. Kakanninmu sun raba ganye da iri har a suna. Haka fasli yake, sai dai nasa ya fi tsanani.

Ba na musun cewa an daɗe ana magani da shi. Wani likitan Girka mai suna Diyoskoridis ya rubuta labarinsa kusan shekara 2,000 da suka wuce. A Turai da ƙasashen Larabawa an sha 'ya'yan fasli domin su sa fitsari, domin kumburin ciki da tsakuwar ƙoda, da kuma domin kawo wa mace jinin al'ada idan ya yi jinkiri. Wannan na ƙarshe shi ne ya hana ni barci. A cikin 'ya'yan akwai wani mai da ake kira afiyol, wanda ya fi na cikin ganye yawa nesa ba kusa ba. Shi ne ke sa mahaifa ta murɗa. A 1855 wasu likitocin Faransa suka fara ba da shi ga matan da al'adarsu ta tsaya, daga baya kuwa aka mai da shi maganin zub da ciki, mata suka rasa rayukansu saboda ya lalata musu hanta da ƙoda. A 1989 kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa domin duba magungunan itatuwa ya yarda da ganyen fasli da saiwarsa, amma ya ƙi yarda da 'ya'yan. Ya ce amfaninsu bai tabbata ba, haɗarinsu kuwa sananne ne. Ku lura, Jamusawa ba masu raina maganin gargajiya ba ne, likitocinsu ma sukan rubuta shi.

Yanzu mu dawo gida. A ce mun ƙulla garin nan mun ajiye a tebur. Wa zai saya? Mai ciwon mara zai saya, haka ma mai jin zafin fitsari. Sa'an nan macen da kwanakinta suka wuce da mako biyu ko uku, ta ji an ce akwai magani mai wanke mara, sai ta aiki yaro da kuɗi. Ita kanta ba ta sani ba ko ciki ne ya shiga. In ma ta sani, ku da kuka san kunyar matanmu, balle mai cikin fari, kuna tsammani za ta aiko wa mai tebur da wannan labari? Ba za ta yi ba. Mu kuwa ba mu da ma'auni, sai cokali da "ki ɗan ƙara idan bai yi ba". Ran da jini ya ɓalle mata da tsakar dare, ungozoma ta kasa, a ɗauke ta zuwa asibiti, sunan ƙungiyarmu ne a jikin ledar.

Akwai kuma maganar noman kansa, wadda saurayin bai bincika ba. Fasli ba ya yin 'ya'ya a shekarar da aka shuka shi. Shekarar fari ganye yake yi, sai ya sha sanyi mai tsawo irin na ƙasarsu, kana ya yi fure a shekara ta biyu. Hunturunmu bai kai wannan ba, kuma kafin a je ko'ina zafin Afrilu, lokacin da ma'auni kan haura 40 a Katsina, zai gasa shi. Ko tsirowa ma yakan ɗauki mako 3 zuwa 4 ana ban ruwa ba a ga kome ba. Mu zuba kuɗin fetur da taki da ƙwadago, mu tashi da ganye kaɗai.

Daga nan ne babban haɗari zai fito. Idan namu bai yi 'ya'ya ba, an kuwa riga an yi wa masu saye alkawari, wani zai ce a sayo irin shuka na gwangwani a daka. Kun san irin shuka akan yi masa wankan magani, shi ya sa kuke ganinsa ja ko shuɗi, kamar yadda muke cuɗa gero da dawa da maganin iri kafin shuka. A ƙasar Iraƙi, a 1971, an raba wa manoma alkama da sha'ir na shuka waɗanda aka cuɗa da maganin zaiba. Gargaɗin da ke jikin buhunan ba da harshensu aka rubuta ba. Suka wanke launin, suka niƙa, suka yi burodi. Mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can. Maganin irin yanzu ba na zaiba ba ne, amma guba ne dai, kuma wanki ba ya fitar da shi duka.

Wani ya ce ai sai mu nemi lambar NAFDAC. Lalle doka ta ce kada a sayar da maganin gargajiya na ƙunshi sai da rajistar wannan hukuma, wadda aka kafa a 1993. Amma a karanta takardar da ke jikin irin waɗannan kwalabe da kyau: akan rubuta cewa hukumar ba ta tabbatar da warkarwar da ake da'awa ba. Kuma lamba ba ta bin yaro zuwa gida ta tambayi uwarsa ko tana da ciki.

Ban ce a guji fasli ba. Ganyensa abinci ne mai kyau, yana da bitamin da sinadarin ƙara jini, ɗan abin da ake yankawa a miya kuma ba ya cutar da mai ciki. Shawarar da zan kawo a taro mai zuwa ita ce mu gwada fangali 4 ko 5 kawai, a gefen latas da karas, a shuka a Nuwamba. Kafin a sayi iri, mutum biyu su zaga otal-otal da gidajen abinci na cikin gari su ji ko akwai mai saye da kuma nawa zai ɗauka a mako, gama ganye ne mai saurin yaushi, ba ya jiran ciniki. Saurayin nan da ya kawo maganar, shi nake so a ba riƙon littafin lissafin fangalin, tun da yake ya fi mu iya rubutu, ya kawo mana sakamako a watan Maris.