Yaron da ba shi da sarki

Jama'a, ku saurara. Makafi suna da sarkinsu. Kutare suna da nasu, guragu ma haka. To yaro mai nauyin fahimta fa, wa ke tsaya mashi?

Kowane gari akwai irinshi. Ya kai shekara goma, bai iya ƙirga dala biyar ba. Yara na jifarshi, manya na ce mashi wawa. Wasu su ce iskoki ne. Ba iskoki ba ne, ba hauka ba ne. Sau da yawa sanƙarau ne ya taɓa shi, ko zazzaɓin sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda, ko rashin iyod cikin abincin uwa mai ciki. Yana koyo, sai dai sannu sannu.

Ba doka muka rasa ba. A 1993 Nijar ta yi dokar kare naƙasassu. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ambaci masu nauyin fahimta, ta ce kada a hana su lakkol. A watan Disamba na 2019 aka ƙara wata doka. Amma dokar da aka rubuta da Faransanci aka aje cikin biro a Yamai, ina amfaninta ga uwar da ke ƙauye?

An yi lakkol ta makafi, an yi ta kurame. Madalla. Shi ko wannan yaro, in ubanshi ya kai shi, sai mushe ya ce aji ya cika. Haka ne, ajin ya cika. Amma cikin yara duka, don mi shi kaɗai za a maida gida?

Ga abin da muke so. A juya dokar da Hausa, a karanta ta a rediyo da wuraren yaƙi da jahilci. A koya ma malamai yadda ake koyar da irin waɗannan yara. A asibiti, likita ya yi masu bayani da haƙuri.

Mu ma iyaye muna da laifi. Mu daina ɓoye su cikin ɗaki. A yi masu takardar haihuwa, a kai su lakkol. In an ƙi su, a tafi wajen magajin gari.

Mu da muka koyi baƙi da furfura a kai, an yi haƙuri da mu. Mu yi haƙuri da su.