Kada Mu Sayar Wa Baban Bola Tsohon Talabijin

Yaran da suka cika shagunan gem na Nyanya, Karu da Kubwa a farkon shekarun 2000, suna biyan 'yan canji su buga ƙwallon Winning Eleven ko su dambace a Mortal Kombat, yau su ne magidanta. Ni ma cikinsu nake. Da yawanmu mun koma neman na'urorin nan na da a wajen masu kayan gwanjo, wani don ya huce gajiyar aiki, wani don ya nuna wa 'ya'yansa abin da ya taso da shi. Sai mutum ya kawo PlayStation 2 ko Sega gida, ya jona da filasmarsa mai inci 50, hoto ya fito dishi-dishi, 'yan wasa sun yi faɗi, launi ya dame. Nan take sai ya ce an sayar masa da mataccen kaya.

Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana ga talabijin ɗin da kuma wayar da aka jona. Maganinta kuwa yana jibge a ɗakunan ajiyarmu yana shan ƙura: tsohon talabijin mai tudun baya, wanda muke ta sayar wa baban bola a kuɗin da bai kai na cefanen yini ba.

Sega Mega Drive ta fito a Japan a 1988, PlayStation ta farko a 1994, ta biyu a 2000. Duk an ƙera su ne don talabijin mai kwalba, wanda yake zana hoto layi bayan layi a daidai lokacin da saƙon ya iso, ba ya ajiye komai. Yawancin wasannin Sega da na PlayStation ta farko layi 240 ko kusa da haka suke fitarwa. Filasma kuwa galibi layukanta 1080 ne, wasu ma 2160. Dole sai ta karɓi ƙaramin hoton nan ta sarrafa shi, ta miƙe shi ya cika fuskarta, kuma da yawa ba su ma gane irin saƙon ba, sai su yi masa aikin da bai dace da shi ba. Abu biyu ke biyo baya: hoto ya lalace, sannan a sami jinkiri tsakanin danna hannun gem da motsin da ido zai gani. Mai kallon fim ba zai lura ba. Amma wanda yake son Mario ya yi tsalle a bakin rami, ko ya tare bugu a Tekken, a jikinsa zai ji. Bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt kuwa, wadda ta dogara da saurin hasken tsohon talabijin, ba ta aiki da filasma.

Sai maganar waya, inda aka fi yin sakaci. Mafi rauni ita ce ta ramin eriya, wadda take cusa hoto da sauti a hanya ɗaya. Sama da ita akwai wadda kowa ya sani, mai kai uku: rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Tana aiki, amma haske da launi a cakuɗe suke tafiya, shi ya sa gefen rubutu yake rawa. S-Video ta raba haske da launi, hoto ya ƙara tsabta. Mafi kyau su ne biyu: RGB, wadda take aika ja da kore da shuɗi kowanne ta hanyarsa, da kuma waya mai kai biyar, kore da shuɗi da ja na hoto, sai biyu na sauti, wadda PlayStation 2 take karɓa.

A nan mu 'yan Najeriya muka yi sa'ar da 'yan Amurka ba su yi ba. Talabijin ɗin gwanjo da suka cika gidajenmu da yawa daga Turai aka kawo su, kuma a bayansu akwai wani rami mai faɗi, mai ƙananan huji 21, ana ce masa SCART. Faransa ce ta ƙirƙiro shi, kuma yana ɗaukar RGB. Nawa talabijin ɗin inci 21 ne, na gado daga ɗakin mahaifiyata. Ranar da na share ƙurar ramin nan na jona Mega Drive da wayar RGB, sai ga ƙananan rubutun da a da sai an ƙanƙance ido suna karantuwa daga bakin ƙofa, shuɗin Sonic ya tsaya a jikinsa bai malala ba. Sai dai a kula: ɗan dunƙulen nan na SCART mai ramuka uku, rawaya da fari da ja, hoton wayar rawaya kawai yake wucewa da shi, bai ƙara komai ba. In talabijin yana da ramin SCART biyu, galibi na farkon ne mai RGB. Mai PlayStation 2 kuma ya shiga saitin na'urar ya zaɓi irin fitar hoton da ya dace da wayarsa, in ba haka ba launi ya birkice ko allo ya yi baƙi.

Akwai kuma abin da ya kamata a tambaya tun a shago: wannan na'ura ta wace ƙasa ce? Najeriya tsarin PAL take bi kamar yawancin Turai, Amurka da Japan kuwa NTSC. In aka jona na'urar Amurka da talabijin da PAL kaɗai ya sani ta wayar rawaya, hoto zai fito fari da baƙi, ko ya riƙa birgima. Wayar RGB tana kawar da matsalar launin. Haka wuta: tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wanda ya cusa na'urar Japan kai-tsaye a bango ba tare da abin rage wuta ba, ƙauri zai ji.

Na san abin da za a ce. Ɗakunan haya a Abuja ba su da fili, tsohon talabijin yana da nauyi, ga tsadar wuta tun da aka kai kuɗin masu Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. Gaskiya ne. Wanda ba shi da wuri ya yi abu uku a filasmarsa: ya kunna saitin da aka rubuta Game Mode, ya mayar da girman hoto zuwa 4:3 don kada a miƙe shi, sannan ya guji ƙananan akwatunan nan masu araha na mayar da wayar rawaya HDMI, domin ba sa gyara hoto, wasu ma jinkiri suke ƙarawa. Akwai na kirki da aka yi musamman don jona tsofaffin na'urorin gem da filasma, irin su RetroTINK da OSSC, amma da kuɗin waje ake sayen su, kuma kuɗinsu yakan fi na ita kanta na'urar gem ɗin. Talabijin mai inci 14 kuwa kan ɗan tebur zai zauna, wutar da yake sha ba ta wuce ta tsohon ƙwan fitila mai zafi da wani abin kirki ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan nan ƙarewa suke yi. Kamfanin Sony ya daina ƙera talabijin ɗinsa mai kwalba, Trinitron, tun 2008, sauran manyan kamfanoni ma duk sun bari. Wanda aka fasa ya tafi ke nan. Kowa ya ga yadda ake yi a bayan unguwa: a sauke talabijin daga kura, a ɓalle murfin baya, a doke wuyan kwalbar da guduma, a zare wayar tagulla, a bar tarwatsen gilashi a inda yara ke wasa ba takalmi. Gilashin nan akwai dalma a cikinsa, kuma mutanen Arewa ba su manta ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba. Hukumar birnin tarayya ta hana yawon baban bola a cikin gari a farkon 2025, amma muddin mu muna miƙa musu kayan, fasawa ba za ta tsaya ba. A Turai da Amurka yanzu masu sha'awar tsofaffin wasanni neman irin waɗannan talabijin suke ruwa a jallo.

Don haka ina kira ga duk mai irin wannan talabijin a gida: ya fito da shi ya gwada. In yana aiki, ya riƙe abinsa ko ya ba wanda zai mora. In ya lalace, kada ya buɗe bayansa da kansa, domin kwalbar tana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an cire shi daga soket. Ya kai wa tsofaffin masu gyaran talabijin, waɗanda har yanzu ana samun su a unguwanninmu, ya biya su haƙƙinsu. Kafin ka zargi mai shago, ɗan'uwa, duba bayan talabijin ɗinka ka ga wace waya ka jona.