Takardar falsafar koyarwa: labarin aji ake son ji, ba kirari ba

A jami'o'in Amurka da Kanada, tarin maƙalu kaɗai ba ya isar mai neman aikin lakcara. Galibi sai ya haɗa da takarda mai shafi ɗaya ko biyu da ake kira falsafar koyarwa, wadda ke bayyana yadda yake koyarwa da dalilinsa. Baƙon abu ne ga wanda ya fito daga jami'o'in Najeriya, inda wallafa bincike ke rinjaye wajen ƙarin girma.

Babban kuskure shi ne cika takardar da kirari: malami mai ƙaunar ɗalibai, mai zaburar da tunani. Kowa haka yake rubutawa, ChatGPT ma ya iya. Kwamitin tantancewa kuwa aji yake son gani: wane darasi ya gagari ɗalibai, me malamin ya sauya, ta yaya ya tabbatar sun gane?

Wanda ya koyar da ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, ga shi an ɗauke wuta, bai kamata ya ɓoye hakan don kunya ba. Ya faɗi dabarar da ya bi har na layin baya suka fahimta, da yadda ya duba takardun jarrabawarsu.