Rariya Ba Ta Da Ido

Ƴan uwa ma'aikatan Madarunfa, akwatin wasiƙun intanet ya zama masussuka: tsaba da ƙaiƙayi a haɗe. Ƴan damfara na aiko da "ka ci kyauta" ko "turo lambar sirrinka". Dokar 2019 ta tanadi hukuncinsu a Nijar, amma rigakafi ya fi magani. A Gmail kowa na iya kafa ƙa'ida: wasiƙar da ta ƙunshi waɗannan kalmomi ta wuce kwandon shara. Sai dai rariya ba ta da ido. Wanda ya haramta kalmar "kuɗi" yana iya zubar da takardar albashi daga Maraɗi. Mu zaɓi kalmomi da natsuwa, mu riƙa leƙa kwandon kowane mako, domin bayan kwana 30 abin da ke ciki ya tafi ke nan.