Dolfin Ɗin Hekta Da Ayun Binuwai

A gaɓar tekun Niyu Zilan, inda ruwa ke da sanyi, akwai wata 'yar dabba da ake kira dolfin ɗin Hekta. Siffar kifi gare ta, amma da huhu take numfashi, kuma nono take ba ɗanta. Tsawonta bai cika kai mita ɗaya da rabi ba. Macen ba ta fara haihuwa sai ta shekara biyar zuwa tara, sa'an nan ɗa guda tak duk bayan shekara biyu zuwa huɗu. In ta sarƙe a ragar masunta, ta kasa tasowa shan iska, shi ke nan.

Wasu matasa masu bincike ne suka bi gaɓar cikin ƙaramin jirgi suna ƙidaya ta. Da lissafinsu a hannu, a 1988 gwamnati ta keɓe ruwan Banks, ta taƙaita shimfiɗa raga.

Ɗalibin Dutse zai ce, ina ruwan biri da gada? To, ai muna da ayu a Binuwai da Kwara. Shi ma da huhu yake numfashi, ɗa guda yake haifa, raga na kashe shi, ga masu farautar namansa da mansa. Amma ɗalibinmu na ilmin halittu ya fi sanin ayu a bakin mai tallar magani.

A ganina, gara jami'o'inmu su tura masu binciken shekarar ƙarshe bakin kogi, su zauna da sarakunan ruwa, su rubuta inda aka ga ayu da ranar da aka gan shi.