Kafin A Ce Wa Mai Gyara "Wanke Ta": Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Game Da Lasisin Kwamfuta



Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da dama a shagunanmu, da wuraren buga takardu, da gidajen sibar, tun daga Yamai har Damagaram. Labarin bai yi amo a kasuwa ba, domin babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Ma'anar janyewar ita ce kamfanin ya daina aiko da gyaran tsaro na kyauta da ya saba aikowa kowane wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Shago yana nan, kaya suna nan, amma mai gadi ya ɗauke tabarmarsa.

Me ya haɗa mu da wannan batu? Magajiyarta Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, ba ta hawa kowace kwamfuta. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin da bai tsufa ba, galibi ƙirar 2018 zuwa sama. A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 ne za su iya zama shara a duniya saboda wannan sharaɗi. To, mun san inda kayan da Turawa suka gaji da su suke sauka: a kasuwanninmu, da sunan okaziyo. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso, komi ya ƙara kuɗi, don haka wanda ya ga kwamfuta mai sheƙi da araha ba zai tsaya dogon tunani ba. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Galibi rigimar tana tasowa ne ranar da kwamfuta ta fara nauyi, ko ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta tana cikin aiki. Sai a kai wa mai gyara, shi kuma ya ce sai an wanke ta, abin da suke kira formate, a sake ɗora Windows. Daga nan sai tambaya ta biyo: ina lambar lasisi? Wannan lamba haruffa ne da alƙaluma guda 25, an kasa su kashi biyar, ita ce shaidar cewa an biya kuɗin manhajar. Alhaji bai taɓa ganin ta ba, Hajiya ba ta ma san da ita ba, wanda ya sayar kuwa ya ce shi ma haka ya sayo. Sai a ce to a kawo kuɗin sabuwa.

A nan nake so mu natsu, domin sau da yawa lambar ba ta ɓata ba. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012, manyan masu ƙera kwamfuta irin su HP da Dell da Lenovo suka daina liƙa lambar a jikin inji, suka koma binne ta a cikin babban allon da ke ciki, wanda masu gyara ke kira kat mer. Ko an wanke kwamfuta sau goma, lambar tana nan, kuma Windows ta asali tana karanta ta da kanta lokacin ɗorawa. Da zuwan Windows 10 a 2015 kuma, kamfanin ya fara rijistar kwamfutar kanta a wurinsa. Duk injin da aka taɓa kunna masa lasisi na gaskiya, idan aka sake ɗora masa manhajar, ya isa a danna wurin da aka rubuta "Je n'ai pas de clé de produit", a ci gaba. Da zarar an haɗa shi da intanet, kamfanin zai gane shi, lasisi ya dawo ba tare da an biya ko dala ba.

Sharaɗi guda ne: a mayar da irin wadda aka cire. Windows tana da ta gida, Famille, da ta ma'aikata, Professionnel. Idan lasisin injin na Famille ne, mai gyara kuma ya ɗora Professionnel daga kile guda da yake ɗora wa kowa, lasisin ba zai kama ba, kamar mabuɗin ɗaki ne aka kai wa ƙofar sito. Shi ya sa kafin a taɓa komi, in dai kwamfutar tana tashi, a sa yaron shago ya shiga "Paramètres", ya nemi "Activation", ya ɗauki hoton abin da ke rubuce da wayar salula. Minti biyu ne.

Akwai lokutan da lasisin kan tafi da gaske. Na farko, idan aka canja kat mer, domin a wurin kamfanin wata kwamfuta ce dabam, sai fa in mai ita ya riga ya ɗaura lasisin a kan asusunsa na Microsoft, wanda kan taimaka wajen dawo da shi. Na biyu, tsofaffin injunan zamanin Windows 7, waɗanda lambarsu ke kan ƴar takarda a ƙarƙashin inji ko a ramin batir, zafi da ƙura su goge ta. Ko tana karantuwa ma, tun watan Satumba na 2023 kamfanin ya rufe ƙofar da ake bi a kunna Windows 10 da waɗannan tsofaffin lambobi. Na uku, injunan da suka fito daga manyan ma'aikatun Turai da lasisin taro, wanda sai ya riƙa gaisawa da uwar na'urar ma'aikatar, in ya yi kwana 180 bai ji daga gare ta ba sai ya faɗi. Wannan yana daga cikin dalilan da ke sa mutum ya sayi kwamfuta lafiya lau, bayan wata biyar ko shida rubutu ya fito a kusurwar allo yana neman lasisi.

Ko a nan ma babu abin tayar da hankali. Windows 10 da 11 marasa lasisi suna ci gaba da aiki, ba sa kulle takardun kowa. Abin da suke yi shi ne su nuna wancan rubutu, su hana canja adon allo. Ke nan mutum yana da lokacin yin shawara. Haɗarin yana ga gajeriyar hanyar da wasu masu gyara ke bi, ta saka ƴar manhajar sata da ke yaudarar Windows. Kafin a saka ta sai an kashe mai kare kwamfuta daga birus, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Wanda yake shiga asusunsa na banki ko yake aika wa dillalinsa na Dubai ko Sin takardun kuɗi da wannan inji, ya ba ɓarawo ajiyar mabuɗi. Haka lambobin da ake tallatawa a intanet da kuɗin goro: da yawansu an sayar wa mutane barkatai, yau su yi aiki, gobe a soke su.

Kada kuma a ɗauka cewa lasisi na gaskiya ya kashe maganar da muka faro da ita. Ko da lamba ta halal aka sake ɗora Windows 10, mai gadin nan dai ya tafi. A watan Mayu na 2017 birus ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris an fitar da maganin kafar da ya bi. Waɗanda ba su karɓi gyaran ba su ne suka sha wuya. Mafita uku ce. In injin yana ɗaukar Windows 11, hawanta kyauta ne ga mai lasisin Windows 10. In ba ya ɗauka, akwai manhajojin Linux kamar Ubuntu da Linux Mint, waɗanda ba su da lambar lasisi sam, suna da Faransanci, ana kuma yin lissafi da rubutu a cikinsu da LibreOffice. Sai dai a fara tabbatar da cewa manhajar lissafin shago da injin buga takarda za su yi aiki da su. In kuwa ba za a iya rabuwa da tsohuwar ba, a raba ta da intanet, ta tsaya ga lissafi kawai. Ƙarin wa'adin shekara guda da kamfanin ya buɗe a 2025 a kan dalar Amurka 30, sama da jika 15 na kuɗinmu, jinkiri ne kawai, ba magani ba ne.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ta jayayya a kan lamba, a manta da dukiyar gaske. Lasisi in ya ɓata ana sayen wani. Littafin bashi fa? Sunayen waɗanda suka ɗauki atamfa da buhunan shinkafa za su biya bayan salla, da lissafin uwar adashi na wanda ya zuba da wanda ya kwasa, formate yana share su ƙaf, kuma ba kowane mai cin bashi ba ne zai zo da ƙafarsa ya tuna maka. Saboda haka kada kwamfuta ta kwana wurin mai gyara sai an kwafe takardu a kile biyu a gaban idonka, an buɗe su a wani injin an ga suna nan. Guda a shago, guda a gida. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 sun san dalili. Littafin takarda ma kada a jefar da shi.

Ga masu shirin saye kuma, ba wanda ke sayen babur ba takardu, to kwamfuta ma haka. A tambayi mai sayarwa: tana ɗaukar Windows 11? A nuna mini shafin "Activation". A rubuta mini a takardar saye irin Windows da ke ciki. Ku kuma ƴan uwanmu masu shigo da kayan, ku riƙa yi wa dillalanku na waje waɗannan tambayoyi, domin ku ne mai saye zai dawo wa, ba Bature ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.